Fayil ɗinka yana kilawud, to makullin yana hannun wa?

Jama'a akwai wata magana da nake yawan ji a bakin mutane, musamman ɗalibai a nan Zariya, Samaru da Kongo, da zarar ka tambayi mutum ina takardunsa sai ya ce ai suna Google Drive ko suna cikin imel, shi kenan hankalinsa kwance. To eh, ruwa ba zai jiƙa su ba, gara ba za ta ci ba, ko an fizge masa waya a Kwangila ba su tafi ba. Amma abin nan da ake cewa kilawud fa ba komai ba ne illa kwamfutar wani kamfani da ke cikin wani ƙaton gini a Amurka ko Turai ko wata ƙasa da ba ka taɓa takawa ba. Ka ɗauki hoton takardar fili da silif ɗin NIN da sakamakon gwajin asibiti da furojet ɗin da ka shekara kana shan wahala a kai, ka miƙa wa wani ajiya. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne, in mai ajiyar ya ga dama ya leƙa, ko aka tilasta masa, ko ɓarawo ya shiga masa, za a iya karantawa ko kuwa?

Maganin wannan shi ne a kulle fayil da lissafi kafin a ajiye, wato a dagula shi ya koma shirme wanda ba mai gane komai sai wanda ke da makulli. Kuma hanyar kullewar iri biyu ce, kowacce da ƙarfinta da inda take gazawa, shi ya sa masu abin suka haɗa su wuri ɗaya. Haɗin nan nake so in warware, don in ka gane shi ba wani kamfani da zai sake ruɗa ka da kalmar "a kulle yake".

Ta farko ita ce mai makulli ɗaya. Da shi aka kulle, da shi za a buɗe. Wannan ita ce tsohuwar hanya, tun zamanin da ake musanya haruffa a wasiƙun sarakuna, kuma tun ƙarni na 9 Al-Kindi a Bagadaza ya rubuta yadda ake karya irin waccan musanyar ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. Na zamanin kwamfuta ya wuce nan nesa ba kusa ba. A 1977 Amurka ta ɗauki wani tsari mai suna DES, makullinsa bit 56 ne (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta, 0 ko 1), ya yi zamaninsa har 1998 lokacin da ƙungiyar EFF mai kare 'yancin masu amfani da intanet ta ƙera na'ura ta musamman ta gano makulli cikin awa 56 ta hanyar gwada su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan kowa ya san kwanansa ya ƙare. Hukumar NIST mai tsara ma'aunan fasaha ta Amurka ta buɗe gasar neman sabon tsari, wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ci, a 2001 aka tabbatar da nasu da sunan AES. Shi ne har yau a wayarka, a bankinka, a ko'ina. Yana yanka fayil gunduwa-gunduwa bit 128 kowacce ya yi ta cakuɗawa zagaye bayan zagaye, makullinsa kuwa bit 128 ko 192 ko 256. Na 256 ɗin in ka ce za ka rubuta adadin makullan da za su iya yiwuwa, lamba ce mai gurbi 78. Ba wanda zai zauna gwadawa, ko ya tara kwamfutocin duniya kaf.

Ga shi da sauri wallahi. Kwamfutoci da wayoyin yanzu a cikin furosesa ɗinsu ma an gina masa gurbin aiki na musamman, bidiyon biki mai gigabayit biyu kafin ka gama kurɓar shayi ya kulle. To ina matsalar? Matsalar ita ce yadda makullin zai isa hannun ɗayan. Ka kulle fayil kana so abokin aikinka da ke Kano ya buɗe, dole ka ba shi makullin, ta ina? In ta WhatsApp ɗin da ke buɗe a kwamfutar ofis ka tura, ko ka sa shi a imel ɗin da fayil ɗin yake ciki, ai ba ka yi komai ba. Kuma abin yana ƙara rikicewa in mutane suka yi yawa, mutum 10 in kowane biyu za su riƙe sirrinsu daban ana buƙatar makulli 45, in sun kai 100 kuwa 4,950. Wa zai iya da wannan?

A nan ne hanya ta biyu ta shigo, kuma ni dai har yau in na tuna ta sai na jinjina wa waɗanda suka yi tunanin. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman a jami'ar Stanford suka fito da cewa ai ba dole ne abin da ya kulle ya zama shi zai buɗe ba. Shekara ɗaya bayan nan, 1977, mutum uku a jami'ar MIT ta Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka kawo lissafin da ya sa abin ya yi aiki, shi ne RSA, farkon sunayensu. Ashe ma wani ma'aikacin hukumar leƙen asirin Birtaniya ta GCHQ mai suna Clifford Cocks ya riga su tun 1973, amma aikin gwamnati ne na sirri, sai a 1997 aka bari duniya ta sani.

Ku ɗauka kamar kwaɗon nan ne na kasuwar Sabon Gari wanda ake dannawa ya ce ƙyas ya rufe ba sai da makulli ba. Ka sayi irinsa da yawa duk makullinsu ɗaya, ka rarraba su a buɗe ga duk mai so, makullin kuma yana aljihunka. Duk wanda zai aiko maka da kaya sai ya zuba a akwati ya danna kwaɗonka, daga nan ko shi da ya rufe ba zai iya buɗewa ba, direban mota ma haka, sai kai. Kwaɗon da ka raba shi ne makullin fili, kowa ya gani ba komai, ka manna shi a Facebook ma in ka so. Na aljihunka shi ne makullin sirri, shi kam ko matarka ba ta da aiki da shi.

Ta yaya lissafi zai yi haka? Gwada wannan, 61 sau 53 nawa ne? Ɗan firamare zai ba ka 3233. To yanzu juya, na ba ka 3233 kawai na ce nemo min lambobi biyun da aka ninka, sai ka ɗan yi gumi. A RSA mai bit 2048 lambar da ake bayarwa a fili gurbi 617 gare ta, ninkawa ba wuya, warwarewa kuwa har yau ba wanda ya nuna ya iya da kwamfutar da muke da ita. Daga baya a 1985 Neal Koblitz da Victor Miller, kowa da nasa binciken, suka kawo wata hanyar ta lissafin lanƙwasassun layuka wadda ake kira ECC, makullinta gajere ne, bit 256 nata yana ba da ƙarfin da RSA sai ya kai wajen 3072 zai bayar, shi ya sa wayoyi suka fi sonta.

Sai mutum ya ce to tunda an samu wannan me ya sa ba a watsar da na farko ba? Saboda na biyun ba ya ɗaukar kaya. Nauyin lissafinsa ya ninka na AES sau ɗaruruwa ko fiye, in ka ce da shi za ka kulle bidiyo batirinka zai mutu kana kallo, ga wuta ba kullum ba. Kuma ma ba zai shiga ba, RSA mai bit 2048 abin da zai iya haɗiya a lokaci guda bai wuce bayit 190 ba (bayit ɗaya bit 8 ne, kamar harafi guda) in an yi masa shimfiɗar tsaro irin wadda ake yi yanzu, ko saƙon tes mai ɗan tsawo ya kusa cika shi. To amma duba wani abu, makullin AES-256 gaba ɗayansa bayit 32 ne kacal. Ka ga inda aka dosa.

Ga yadda haɗin yake tafiya. A ce wata malama tana da fayil na sakamakon bincikenta, hirarrakin da ta yi da marasa lafiya, sunaye da komai, tana so ta ajiye a kilawud kuma ɗalibinta da wani abokin aikinta a Sakkwato su iya buɗewa. Manhajar da ke kwamfutarta za ta fara ƙirƙiro sabon makullin AES na wannan fayil ɗin kaɗai, ba daga sunanta ko ranar haihuwarta ba, daga lambobin da aka watsa ba tsari. Ta kulle fayil ɗin da shi cikin ƙiftawar ido. Sannan ta ɗauki ɗan makullin nan mai bayit 32 ta kulle shi da makullin fili na malamar, ta sake kulle kwafinsa da na ɗalibin, ta sake da na mutumin Sakkwato. Abin da zai hau intanet shi ne ƙaton fayil guda ɗaya da ya koma shirme, da 'yan ƙananan ƙunshi uku a manne a kansa. Ɗalibin in ya sauke, makullinsa na sirri zai buɗe ƙunshinsa, ya ciro makullin AES, ya buɗe fayil. Kamfanin da ke ajiyar yana ganin kaya amma ba shi da ko ɗaya daga makullan sirrin ukun nan. AES ya yi dakon, RSA ko ECC ya yi rakiyar makulli, kowa ya yi abin da ya iya.

Kuma lura da daɗin abin, in mutum na huɗu ya shigo ba sai an sake ɗora fayil mai nauyi ba ana ƙona data, ƙunshi ɗaya za a ƙara na 'yan bayit. Amma cire mutum ba haka yake da sauƙi ba, nan mutane ke yin kuskure. Goge ƙunshinsa bai isa ba tunda ya riga ya taɓa riƙe makullin AES ɗin, dole a yi sabon makulli a sake kulle fayil ɗin daga farko, abin da ya riga ya sauke a wayarsa kuma ya tafi, ba lissafin da zai dawo da shi.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Phil Zimmermann ya sa ta a manhajarsa ta PGP tun 1991, har gwamnatin Amurka ta yi shekaru tana bincikensa a kan wai ya fitar da makami waje, don a lokacin haka dokarsu ta ɗauki irin wannan lissafin. Duk sanda ka ga https a adireshin shafi, dangin wannan haɗin ne ke aiki tsakanin wayarka da sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin. Manyan masu kilawud irin su Amazon da Google ma a cikin gidansu haka suke yi, makullin da ya kulle bayani sai a kulle shi da wani makullin da ke wata ma'ajiya daban. Har mugaye ma sun san daɗinta, ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry da ta tsayar da asibitocin Ingila a watan Mayun 2017 da AES ta kulle fayilolin mutane sannan ta kulle makullan da RSA, shi ya sa ba a iya cewa a kai wa mai gyara ya buɗe.

Yanzu ga inda ni abin ya fi damuna. Kusan duk kamfanin kilawud zai ce maka fayilolinka a kulle suke da AES-256, kuma gaskiya suka faɗa. Abin da ba sa ɗaga murya a kai shi ne a tsarin da yawancinmu muke amfani da shi na kyauta, makullin a wurinsu yake. Wannan yana kare ka in wani ya saci faifan ajiyarsu, amma ba ya hana su kansu buɗewa, ba ya hana kotun ƙasarsu ta ce a miƙo, kuma duk wanda ya shiga akawun ɗinka da kalmar sirrinka a buɗe zai tarar da komai. Alamar da za ka gane mai sauƙi ce, in ka manta kalmar sirri suka turo maka lamba ta tes ka shiga ka tarar da komai lafiya lau, to ka san akwai makulli a hannunsu. A watan Yunin 2011 wani kuskure a manhajar Dropbox, wani kamfanin kilawud, ya sa na kusan awa huɗu ana iya shiga akawun da kowace irin kalmar sirri. Fayilolin a kulle suke a sabarsu fa, amma sabar ce da kanta ke buɗe wa duk wanda ta ɗauka mai shi ne.

Wanda ya bambanta shi ne a kulle tun a na'urarka kafin ya bar hannunka, makullin sirri kuma bai taɓa zuwa wurinsu ba. WhatsApp sun kammala sa wannan a saƙonni a 2016, amma bakof ɗin hirarraki da ke tafiya Google Drive ko iCloud sai a 2021 suka ba da zaɓin kulle shi, da kalmar sirri ko lamba mai gurbi 64, kuma kai za ka shiga saiti ka kunna da hannunka. Mutane da yawa a nan ba su ma san da shi ba, suna ta bugun ƙirji hirarsu a kulle take alhali kwafinta yana kwance a wani wuri. Apple ma sun kawo irin wannan zaɓin a ƙarshen 2022, a watan Fabrairun 2025 kuma suka janye shi daga Birtaniya bayan rahotannin cewa gwamnatin can ta nemi a buɗe mata ƙofa. Wannan kaɗai ya ishe ka gane cewa rigimar duk a kan makulli ake yinta, lissafin ba wanda ya iya taɓa shi.

Ni abin da nake gani da idona ma bai kai can ba. Ka shiga wani bizines santa wajen lokacin rajista ko lokacin kare furojet, layi har waje, janareta na ƙara, yarinya ta miƙa takardunta a yi mata sikanin, ta zauna ta buɗe imel ɗinta a kwamfutar shagon ta tura, ana kiranta mai keke na jira ta tashi ba ta fita daga akawun ba. Kan allon kwamfutar nan kuwa cike yake da fayilolin mutanen jiya da shekaranjiya, fasfo da takardar haihuwa da ta banki, na gaba da ya zauna duk yana gani. Wallahi abin yana ci min rai, don ba AES ko RSA da zai yi maganin wannan. Muna da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita, duk mai riƙe bayanan mutane, asibiti ne ko makaranta ko shago, akwai nauyi a wuyansa, amma kafin doka ta iso shagon nan kai ne za ka tsaya a goge fayil ɗinka a gabanka.

Akwai wasu ramuka kuma da ko an yi haɗin daidai ana faɗawa. Babba shi ne, wa ya tabbatar maka makullin filin da aka ba ka na wanda kake nufi ne? In sabar kamfanin ce ta miƙo maka ta ce ga na wane, kuma sabar ta faɗa hannun mugu, zai iya ba ka nasa, ka kulle masa da hannunka. Shi ya sa WhatsApp ke da lambar tsaro mai gurbi 60 da hoton da ake sikanin, ku haɗu ido da ido ku gwada ko ku karanta wa juna. Sannan tunda kowa zai iya kullewa da makullinka na fili, zuwan fayil a kulle ba ya nuna wanda ya aiko, sai an haɗa da sa hannu na lissafi, inda mai aikowa ke amfani da makullinsa na sirri kai kuma ka tantance da nasa na fili. Kuma ana so kullewar ta zama mai tona asiri in an taɓa ko bit ɗaya a hanya, irin salon da ake kira GCM. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, a 2022 masu bincike a jami'ar ETH ta Zurik sun nuna cewa a tsarin kamfanin kilawud na MEGA, wanda ke tallan cewa shi ma ba ya ganin fayilolinka, mai iko da sabar zai iya wasa da makullan da ke ajiye har ya kai ga gano na sirrin, saboda ba a sa musu wannan kariyar ba. Sun yi gyara daga baya. Don haka don Allah masu koyon rubuta manhaja, na san akwai ku da yawa a garin nan kuma kuna da ƙoƙari, kar wanda ya zauna ya ce zai ƙirƙiro nasa salon kullewa don furojet ya burge, ku ɗauki wanda masana suka shekara suna duka bai karye ba.

Sai kalmar sirri. Makullin sirrin nan a ƙarshe yawanci da kalmar da ka zaɓa ake kulle shi, in kalmar sunan ɗanka ce da 123 to duk lambar nan mai gurbi 78 ta tashi a banza. A 2022 an sace kwafin rumbunan masu amfani da LastPass, manhajar ajiye kalmomin sirri, a kulle suke, amma tunda ɓarayin sun tafi da su gida suna da lokacin duniya su yi ta gwada kalmomi, mai gajeriyar kalma shi ke cikin haɗari. Jera kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna, na Hausa ma ya fi, ya fi maka gajeriya mai alamomin da kai kanka za ka manta.

Game da kwamfutar kwantum, sabuwar irin kwamfuta da ake kan ƙoƙarin ƙerawa ake ta tsoratar da mutane da ita, gaskiya ne Peter Shor ya nuna tun 1994 cewa in aka samu babba za ta warware lissafin RSA da ECC. AES-256 kuwa ba ta yi masa wannan illar. Kun ga wani amfanin haɗin, ɓangaren rakiyar makulli kaɗai za a canza, kuma a watan Agustan 2024 NIST ta fitar da sabon ma'auni mai suna ML-KEM don wannan gurbin. Wanda ya kamata ya damu tun yanzu shi ne mai sirrin da zai yi shekara ashirin yana da daraja, don ana iya kwashe shi a kulle yau a jira ranar buɗewa.

In kana so ka fara yau ba sai ka kashe ko sisi ba. In fayil kaɗan ne, manhajar 7-Zip tana kullewa da AES-256, ka zaɓi a ɓoye har sunayen fayilolin don suna kaɗai yana tona abu da yawa, sannan kalmar ka faɗa wa mutumin ta wata hanya daban ba inda ka tura fayil ba. Folda ce guda kake so ta riƙa hawa Drive a kulle, akwai Cryptomator, kyauta ne a kwamfuta. Wanda kuma ke son ainihin haɗin nan na makullin fili don rabawa da mutane, akwai GPG da wata ƙarama mai suna age. Amma ka sani daga ranar da makulli ya dawo hannunka ba wanda za ka kira ka ce na manta, ba lambar tes, ba ofishin da za ka je da katin shaida. Rubuta shi a takarda da biro, kwafi biyu, ɗaya inda kake ajiye takardun gida ɗaya wurin wanda ka amince da shi ko da ta Allah ta kasance, don iyali su iya kaiwa ga takardun fili da na banki. Kuma kafin ka goge asalin fayil ɗin daga kwamfutarka, sauke wanda ka ɗora a wata na'urar daban ka gwada buɗewa da abin da ka rubuta a takardar.